Tsakanin kwandon Kawu da tukunyar Yaya

A ƙarshen hunturun da ya wuce na yi baƙo, Bahaushen Kumasi, haifaffen zango. Kakansa Bakano ne, fataucin goro ya kai shi Gana tun zamanin Turawa, can ya yi aure ya hayayyafa, bai sake dawowa ba. Sarin atamfa ne ya kawo baƙon nawa Kantin Kwari, amma tun a mota daga filin jirgi ya faɗa mini abin da ke ransa. Ya ce, "Malam, tun ina yaro kakana yake ba mu labarin abincin Kano. Don Allah kar ka kai ni inda zan ci abin da zan iya samu a gida."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai Kano ya zo. Bayan sallar Isha'i na ɗauke shi zuwa wani gidan abinci a Nasarawa, irin wanda ake kai baƙon kunya. Wuri tsaf, ga sanyi, ma'aikata da fara'arsu. Aka miƙo mana takardar abinci mai shafi huɗu. Soyayyiyar shinkafa kala uku, shawarma, taliya da kaza, soyayyen dankalin Turawa, wani girki na 'yan Sin, wani na Indiya. Sai can ƙasan shafin ƙarshe aka saƙala tuwo da miya, layi biyu kacal. Muka ce a kawo tuwo miyar kuka. Tuwon da ya zo na garin semo ne da ake saye a leda. Miyar kuma tsululu, ba daddawa, ba ƙamshin man shanu, magi ne kaɗai yake magana a cikinta. Baƙona ya yi loma uku ya tsame hannu. Bai ce komai ba, mutum ne mai kara, kuma shirun nan nasa ya fi yi mini ciwo da a ce ya yi magana.

A hanyar komawa masauki ne ya buɗe baki, shi ma ba ƙorafi ya yi ba, labari ya ba ni. Ya ce a Gana duk wanda ya tashi da safe ya san koko da ƙosai, kuma sunan Hausa ne a kan kokon, haka ake kiransa ko a bakin wanda bai iya gaisuwa da Hausa ba. Shinkafa da waken da ake bin layi a kanta a Akara, wadda suke kira wakye, daga kalmarmu ta wake sunan ya fito. Tuwon da ya zama abincin arewacin Gana tuwon zafi ne, har yau sunansa ke nan. Na ƙara masa da abin da na sani: tsiren da Legas take kira suya, da agashen da ake ci a Sudan, duk sawun mutanenmu ne. Fatake da mahajjatan ƙasa sun ɗauki tukunyarsu a ka sun zagaya da ita rabin Afirka. To ga jikan ɗaya daga cikinsu ya dawo tushe, ni kuma na rasa inda zan zaunar da shi a kan kujera mai kyau ya ci tuwon dawa na gaske.

Tun daga ranar nake juya maganar. Inda na tsaya shi ne, wannan ba matsalar ɗanɗano ba ce kawai. Gidajen abincin birnin nan sun raba gari da gonakin da ke kewaye da shi, kuma asarar ta shafi kowa: manomi, mai girki, da mu masu ci. Ina da ido biyu a kan lamarin, domin ƙanen mahaifiyata manomin rani ne a yankin Kadawa, yayata kuma tana da ɗan gidan abinci a Hotoro. Tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba ce a mota. Shekara da shekaru ba a taɓa girka tumatirinsa a tukunyarta ba sai in tsaraba ya aiko.

Bari in fara da gonar Kawu, domin mutanen birni da yawa ba su taɓa tsayawa a nan ba, wucewa kawai suke yi a hanyar Zariya.

Duk koren da kake gani daga Kura zuwa Garun Malam da Bunkure a tsakiyar rani, ruwan Tiga ne. An gina madatsar a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, aka ja ruwa ta manyan magudanai zuwa ƙanana har ya isa bakin fangalin manomi. Wannan aiki ɗaya ya sauya rayuwar yankin gaba ɗaya. Ƙauyukan da a da matasansu suke tafiya cin rani da zarar an gama kaka, suka koma noma sau biyu ko uku a shekara: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da masara da rani. Kawu ya gaji aikin daga mahaifinsa. Yana zuba iri wajen watan Oktoba, ya yi dashe idan sanyi ya fara shigowa, daga ƙarshen Janairu a fara tsinka har zafi ya kankama.

Na kwana uku a wurinsa ana tsakiyar ɗiba. Ana idar da sallar Asuba ake shiga gona, tun raɓa ba ta bushe ba, saboda tumatirin da rana ta daka a cikin kwando ba ya kai labari. Mata da samari a sunkuye, hannuwansu sun yi kore-baƙi da ganyen, ƙamshinsa mai ɗan kauri ya cika wurin. Ana cika kwando a toshe bakinsa da ciyawa da takarda a ɗaure. Kafin hantsi an loda zuwa Kwanar Gafan, inda manyan motoci suke jira su kwashi kaya zuwa Legas da Fatakwal da Anacha. A nan ne na ga yadda ake yanke wa manomi hukunci. Farashin ranar bai dogara da wahalar da ya sha ba, ya dogara da yawan motocin da suka iso daga kudu da yawan kwandunan da suka kwana a kasuwa. In motoci sun yi ƙaranci, dillali zai zo ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya yi tayi, ya juya baya. Manomi ya ƙi, a dawo bayan awa biyu da tayin da bai kai na farko ba. Ya san ba zai mayar da kayan gida ba.

Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan nan, tumatir ba hatsi ba ne. Hatsi kai kake sa masa rana, tumatir shi yake sa maka." Ya lissafa mini da yatsu: kuɗin kwandon kansa, ladan masu tsinka, kuɗin mota, 'yan dako, la'ada. Bai ma sako taki da maganin feshi da ban ruwa na wata uku ba. Akwai makon da idan ya haɗa lissafin, barin tumatirin a gona ya fi masa sauƙi da tsinko shi. Irin wannan makon sai a koma kauɗa. A yanka tumatir biyu-biyu, a shanya a ƙasa a bakin hanya ko a kan tsohon buhu, iska tana kwaso masa ƙura, akuya tana ratsawa. Fili guda sai ka gan shi ja wur. Daga nesa abin sha'awa ne, in ka matso ka san gumin mutum ne yake bushewa a ƙasa.

Bayan wata uku, daga Mayu zuwa Yuli, wannan tumatirin da aka rasa mai saye shi ne zai gagari talaka a kasuwar 'Yan Kaba. Uwargida ta aiki yaro da kuɗin da a watan Maris zai ciko roba, ya dawo da guda biyar a leda. Kowace shekara haka ake yi, kowace shekara muna mamaki kamar yau aka fara. A 2016 abin ya haɗu da tsutsar nan da manoma suke kira sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina cikin 'yan makonni. A shekarar ce aka buɗe babbar masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote a Kadawa, manoma suka sa rai sosai, amma ba a jima ba ta tsaya saboda rashin isasshen tumatir daga gona, kuma tun daga nan aikinta a yi a tsaya ne. Darasin da na ɗauka shi ne, masana'anta guda komai girmanta ba za ta ɗauke wannan nauyin ita kaɗai ba. Ana buƙatar masu saye da yawa, ƙanana da matsakaita, waɗanda suke kusa, suke buƙatar kayan kullum. Birnin Kano cike yake da su. Kowane gidan abinci, kowace mai girkin biki, kowane otal mai saye ne.

Sai kuma tsadar aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk wanda yake ban ruwa da inji ya ji a jikinsa, kuɗin mota ya ninka, taki ya yi sama. A 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haraji na wani lokaci a kan shigo da wasu kayan abinci don a sauko da farashi, a 2025 kuwa hatsi ya karye a kasuwa, buhun yuriya da na kamfa ba su sauko tare da shi ba. Mu a birni muka yi hamdala, kuma muna da gaskiya, yunwa ta taɓa gidaje da yawa. Su a ƙauye suka yi tagumi, su ma da gaskiyarsu. Ba na cikin masu cewa a bar abinci ya yi tsada don manomi ya ji daɗi. Amma duk garin da ya saba da arhar da manomi ne yake biyan cikonta, wata rana zai wayi gari manomin ya sayar da gonar ya sayi babur mai ƙafa uku.

Yanzu mu dawo Hotoro.

Da na kawo wa Yaya wannan magana da zafina, ba ta yi mini gardama ba. Cewa ta yi in zo gobe da sassafe in wuni a kicin ɗinta. Na je. Kafin ƙarfe bakwai yaronta ya dawo daga 'Yan Kaba da attaruhu da tattasai da albasa da kabeji. An ɗora babbar tukunyar shinkafa a kan gas, wata yarinya tana yanka karas, wata tana wanke kaji, janareta yana ruri a baya domin firiji ya riƙe naman jiya. Zafin wurin sai wanda ya shiga. A kan kanta na ga katan biyu na tumatirin leda. Na nuna mata da baki.

Ta ce, "Kai da kake rubutu, zauna in ba ka lissafi. Wannan ledar farashinta ba ya hawa da sauka kowane mako, kalarta ɗaya ce ko da rani ko da damina, ba ta ruɓewa in an ɗauke wuta. In na dogara da ɗanyen tumatir, watan Yuni sai in rufe shago. Tuwon dawar da kake magana kuma, ka san aikinsa? A surfa, a wanke, a shanya, a kai niƙa, a tankaɗe, a yi ruɗe, a tuƙa. Semo kuwa farke leda kawai zan yi. Kuma bayan duk wannan wahalar, mutum zai biya kuɗin soyayyiyar shinkafa ko tari bai yi ba, in na sa wa tuwo rabin kuɗin sai ya ce, 'Hajiya, tuwon ma? Ai akwai a gida.'"

Ban sami abin cewa ba a lokacin, domin duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Mai gidan abinci ba ma'aikaciyar raya al'adu ba ce. Tana da haya, tana da albashin mutum biyar, tana da kuɗin gas. Duk mai son ya ɗora mata laifi ya fara biyan kuɗin dizal na wata guda tukuna. Kuma maganarta ta ƙarshe mu ta nuna, masu ci. Mu ne muka yanke cewa abincin da aka rubuta sunansa da Turanci ya cancanci kuɗi, namu kuwa na sadaka ne da gidan makoki.

Amma da azahar ta yi na ga abin da ya tsaya mini a rai. Akwai wata dattijuwa da take yi musu wanke-wanke, kowa Iya yake ce mata. Ma'aikatan sun gaji da shinkafa, don haka ita take yi musu nasu abincin a bayan kicin, a kan murhun gawayi. Ranar tuwon dawa ta tuƙa. Na tsaya ina kallonta tana haɗa miya. Ta daka daddawa da citta da masoro da ɗan busasshen kifi, ta zuba a ruwan da ya sha tafasa da ƙashi da wake ɗan kaɗan da ta fasa. Ta bar shi ya yi ta dahuwa har ƙamshin daddawar ya kwanta. Sannan ta rage wuta, tana barbaɗa kuka da hannun hagu kaɗan-kaɗan, tana kaɗawa da maburgi da hannun dama, ba gudaji ko ɗaya. Ta sauke, ta ɗiga man shanu. Na ci malmala biyu a tsaye. Abinci mafi daɗi a gidan abincin nan a bayan kicin ake cinsa, ba ya cikin takarda, kuma wadda ta iya shi ita ce mai mafi ƙarancin albashi.

Wannan shi ne abin da nake nufi da asara. Ilimin girkin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana taruwa a gidajen cikin birni, a Mandawari da Yakasai da Ɗandago da Fagge, yana hannun tsofaffin mata, kuma ba mu ɗauke shi a matsayin sana'a ba. Yarinya za ta biya kuɗi mai yawa ta koyi kek da shawarma a ajin girki, abu ne mai kyau, ba na hana ta. Amma wa yake koya mata dashishi da alkubus da funkaso, da miyar taushe mai kabewa da yakuwa da gyaɗa wadda mai yake tasowa a samanta? Wa yake koya mata gwargwadon kanwar ɗanwake? Burabusko da dambun tsaki da faten tsaki da rama fa? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai gona a bayansa. In an daina girka tuwon dawa a inda ake biyan kuɗi, mai noman dawa ya rasa kasuwa mai daraja. In an daina neman daddawa, matar da take dafa kalwa kwana da kwanaki ta bar sana'ar, bishiyar ɗorawa kuma ta zama itacen girki.

Duniya kuwa ta juyo tana neman abin da muke rainawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, saboda juriyarsu ga fari da amfaninsu ga jiki. Acca, irin wadda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, ta shiga manyan shaguna a Amurka. Daga Dawanau ake lodin riɗi zuwa Japan da Turkiyya, ana lodin zoɓo zuwa Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Mu kuma a teburin gidan abincinmu lemon kwalba ake fara ajiye wa baƙo.

To me nake so a yi? Ba na kiran a kori shawarma. Kano gari ne na baƙi tun fil azal, Kwarori sun fi shekara ɗari a cikinmu, gurasar da muke tinƙaho da ita ma ta hanyar Larabawa ta shigo, muka karɓe ta muka yi mata bandashe da ƙuli-ƙuli ta zama tamu. Abin da nake so shi ne gidan abinci ya san kaka da rani. Lokacin da tumatir ya yi arha a Kwanar Gafan, masu gidajen abinci uku ko huɗu su haɗa kuɗin mota ɗaya, su saya kai tsaye, su markaɗa su dafe su adana, ko su shanya a kan ragar da aka ɗaga daga ƙasa inda ƙura da dabba ba za su taɓa ba. Kauɗa mai tsabta ba abin kunya ba ce, miyarta tana da zaƙin da na leda ba shi da shi. A ajiye kwandon kaba a koma kwandon roba mai hawa kan juna, wanda ba ya matse na ƙasa. A rubuta a takardar abinci cewa shinkafar nan ta Kura ce, alkamar alkubus ɗin nan ta Kadawa ce, nonon furar nan daga ruga kaza ya zo. Wannan ba ado ba ne. Wanda ya san ana noman latas da alayyahu a gefen Jakara da ruwan da ya kwaso dattin gari da na masana'antu, ya san dalilin da zai sa mai ci ya tambayi daga ina ganyen farantinsa ya fito. Su ma waɗancan manoman ba don son ransu suke amfani da ruwan ba, shi suka samu, kuma hakkinsu ne a sama musu mai tsabta.

Na gwamnati ba shi da yawa a bakina, an sha faɗa: a yashe magudanan ruwan da ciyawar kacalla ta toshe, a gyara hanyoyin cikin gonaki, a kafa ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwannin gwari, taki ya iso kafin lokacin shuka ya wuce. Muna da cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero, muna da kwalejin noma ta Audu Bako a Dambatta. A ce ɗaya daga cikin makarantunmu ta buɗe kwas na girkin gargajiya mai takardar shaida, ta ɗauko irin su Iya su koyar, a biya su kuɗin malamai.

Sai maganar yawon cin abinci, wanda yanzu ya zama ruwan dare a waya. Matasa suna zagaya gari da kyamara suna ɗanɗana wannan suna yaba wancan, kuma ina jin daɗin ganinsu, sun sa masu sana'a da yawa sun samu ciniki. Sai dai yawancin tafiyar a bakin faranti take tsayawa. A 2024 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su. Hukumar nan dai ita ce ta sanya shinkafa da kifin Senegal a 2021, ta sanya acake, wani abincin rogo na Kwaddibuwa, a 2024. Wato abinci ma gado ne da ake shigarwa wannan jeri. Baƙon da ya zo kallon Hawan Daushe zai ci abinci sau uku a rana, me muka tanadar masa? Da ni ne, da sassafe zan kai shi Jakara ya ga mata suna manna gurasa a cikin tanderu mai zafi da hannu, su ciro ta da ƙamshin hayaƙin kara. Daga nan Kurmi, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya shinshina kanumfari da kimba da masoro. Ya ga ana shanya kilishi a Agadasawa. Ya shiga Dawanau ya ga buhuna iya ganinsa. Washegari a ɗauke shi zuwa Kura ya ga yadda ake turara shinkafa ana shanyawa, a wuce Kadawa ya tsinki tumatir da hannunsa, a girka masa a nan bakin gona.

Sharaɗi ɗaya nake da shi, kuma ina riƙe da shi da ƙarfi: kar a mayar da manomi da mai gurasa kayan hoto. Na ga yadda ake yi, a zo a ɗauki tsohuwa tana zufa a gaban wuta, a samu dubban masu kallo, ita ko kuɗin gurasa biyu ba a bar mata ba, ba a ma nemi izininta ba. In za a kai baƙo gona, a yi ciniki da mai gonar tun farko, a biya shi lokacinsa, a sayi kayansa, matan gidan da suka yi girkin a ba su ladansu a hannunsu.

Baƙona na Kumasi bai tafi da yunwar tuwo ba. Daren da zai koma na kai shi gidanmu na cikin gari, Inna ta tuƙa masa na dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, aka zuba a akushi. Ya ci ya yi shiru, amma wani shirun daban. Da ya wanke hannu ya ce kakansa bai yi musu ƙarya ba.

Yaya kuma ta gwada. Karon farko ta aika a ɗauko mata kwando shida daga wurin Kawu ita kaɗai, kuɗin mota ya cinye ribar, biyu kuma suka farfashe a hanya. Ta yi fushi da ni kwana biyu. Karo na biyu ta haɗa kai da wasu mata biyu masu girkin biki, lissafi ya ɗan fita, suka dafe tumatirin suka ɗura a kwalabe. Bai kai su ƙarshen damina ba, ta koma ta sayi na leda. Ranar Juma'a kaɗai take sa tuwon dawa, Iya ce take tuƙawa, an ƙara mata kuɗi kuma an ɗauke mata wanke-wanken ranar. Wani makon ya ƙare kafin la'asar, wani makon ya kwana a yi ɗumame. Har yanzu akwai masu cewa, "Tuwon ma?"

Kwanakin baya Kawu ya shigo birni ɗaurin aure, ya biya ta shagon. Shi ne karonsa na farko a wurin. Ta zuba masa shinkafa da miya, ta ce, "Kawu, ka ɗanɗana, ragowar tumatirinka ne." Ya ci a hankali, ya ce an cika mai. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula, ya ce mata in da gaske take, ita da ƙawayenta su zauna su yi lissafin kwando nawa za su iya ɗauka a mako, su faɗa masa kafin watan Oktoba, domin lokacin ake zuba iri.